Mai Hoton Bikin Bamako: Yadda Masu Saye Suka Koya wa Malick Sidibé Fasaha

A shekarar 2007, masu shirya babban baje kolin zane-zane na birnin Benis a Italiya suka miƙa lambarsu ta Zakin Zinare, wadda ake bayarwa don aikin tsawon rayuwa, ga wani dattijo Bafulatani daga ƙasar Mali mai suna Malick Sidibé. Kafin shi, ba a taɓa ba mai ɗaukar hoto wannan lamba ba, haka nan ba a taɓa ba ɗan Afirka ba. Shekara huɗu kafin nan ya riga ya karɓi lambar Hasselblad ta ƙasar Suwidin, wadda masu sana'ar hoto suke ɗauka a matsayin ƙololuwar girmamawa.

Yawancin hotunan da suka jawo masa wannan ɗaukaka ya ɗauke su ne shekara talatin zuwa arba'in da biyar kafin ranar, a wuraren bikin aure da na suna da rawar dare a Bamako, don ya sayar wa mutanen da ke cikinsu, ɗaya bayan ɗaya, kowanne bai fi tafin hannu girma ba. Alƙalan aikinsa a wancan lokaci su ne ango da abokansa, da amarya da ƙawayenta. In hoto ya yi musu, su saya. In bai yi musu ba, kuɗin fim da na takarda ya bi shanun sarki. A ƙarƙashin wannan hukunci na kowane mako ne ya gano dabarun da daga baya masana suka yi ta rubutu a kansu. Tarihinsa yana nuna yadda sana'ar neman abinci take haifar da fasaha, da kuma abin da ke salwanta idan aka raba hoto da cinikin da ya samar da shi.

Daga kiwo zuwa shagon Gégé

An haifi Sidibé a tsakiyar shekarun 1930 a ƙauyen Soloba, can kudancin ƙasar da a lokacin ake kira Sudan ta Faransa, kusa da iyakar Gini. Ya tashi yana kiwo kamar sauran yaran gidansu, kuma tun yana ƙarami ya rasa ganin idonsa na hagu. Aka sa shi makarantar boko a Yanfolila, daga nan ya wuce Buguni, inda iya zanensa ya fito fili har aka tura shi makarantar koyon sana'o'in hannu ta Bamako a 1952. A can ya koyi ƙirar kayan ado. A 1955 wani Bafaranshe mai shagon hoto, Gérard Guillat, wanda mutanen gari suka laƙaba wa Gégé la Pellicule, wato Gégé mai fim, ya nemi ɗalibin da zai ƙawata masa shago da zane. Aka haɗa shi da Sidibé. Da aikin ya ƙare, sai ya riƙe shi a matsayin yaron shago.

Rabon aiki a wannan shago ya bi yadda garin kansa yake a rabe a ƙarshen mulkin mallaka. Maigida shi ke zuwa liyafar Turawa da tarukan hukuma. Idan kuwa biki na 'yan ƙasa ne, sai a tura yaro. A 1956 Sidibé ya sayi kyamararsa ta farko, Brownie Flash, wata 'yar akwati mai araha da aka ƙera don masu ɗaukar hoton iyali a gida. Darajarta a wurinsa tana cikin fitilar da ke manne da ita, mai walƙiya sau ɗaya ta haske duhu, wadda masu sana'ar ke kira filasha.

Sai an duba abin da ya gabace shi kafin a gane girman wannan canji. Babban mai hoton Bamako na wancan zamani shi ne Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948. Kyamararsa babba ce, a kan ƙafafu take tsayawa, kuma da hasken rana yake aiki a tsakar gida. Mutane ne suke zuwa wurinsa, su ci ado, su zauna a gaban labule, su daskare har a ɗauka. A irin wannan tsari, hoton aure yana nufin ango da amarya sun je shago sun zauna. Bikin kansa, da maroƙansa da turmutsutsunsa da rawarsa, ba ya shiga hoto. Sidibé yana cikin sahun farko na waɗanda suka fitar da kyamara daga shago suka bi mutane da ita har inda suke murna. Kafin shekarar 1962 ta ƙare, yana da nasa shagon, Studio Malick, a unguwar Bagadaji.

Dokar 1962 da sabon fasalin biki

Mali ta zama jamhuriya mai cin gashin kanta ranar 22 ga Satumba, 1960, ƙarƙashin Modibo Keïta, wanda ya ɗora ƙasar a kan turbar gurguzu. A watan Fabrairu na 1962 gwamnatinsa ta kafa dokar aure. Dokar ta wajabta yardar namiji da mace duka biyu, ta sa mafi ƙarancin shekarun aure 18 ga namiji da 15 ga mace, ta kuma ƙayyade sadaki da kyaututtukan neman aure kada su wuce faran 20,000 ga budurwa da 10,000 ga bazawara. Abin da ya fi shafar mai hoto shi ne, auren da hukuma ta sani shi ne wanda aka yi a gaban jami'inta, wato a ofishin magajin gari.

Ɗaurin aure a masallaci, a Bamako kamar a ƙasar Hausa, taron maza ne: wakilan ɓangarori biyu, limami, goro, addu'a. Amarya tana can cikin gida tare da mata. Auren ofishin magajin gari kuwa ya tsayar da ango da amarya kafaɗa da kafaɗa, da rana tsaka, a gaban jama'a. Akwai sa hannu a littafin rajista, akwai fitowa bakin ƙofa, akwai jerin motoci da babura da ke rakiya. Dokar da aka yi don tsara iyali sai ta samar wa mai hoto wuri da lokaci da fuskoki biyu da kowa ke son gani tare. A hotunan wancan zamani ana ganin amare cikin farar rigar Turawa da mayafinta, angwaye cikin kwat, ga iyaye mata a gefe cikin manyan riguna da ɗauri, duk a taro ɗaya.

Ita kuma matasan birnin suna da tasu duniyar. Sukan kafa ƙungiyoyin abokai da ake kira grin, kowace da sunanta, wasu ma sunayen mawaƙan Turai da biranen Amurka suke ara. Suna tara faya-fayan garmaho, suna rawar tuwis da kiɗan Kyuba, daga baya kuma James Brown ya mamaye su. Idan ɗan ƙungiya ya yi aure, ko aka yi masa haihuwa, ko wani ya ci jarrabawa, sai a share tsakar gida a kafa garmaho. Manthia Diawara, masanin fina-finai da ya tashi cikin irin waɗannan ƙungiyoyi a Bamako, ya yi dogon rubutu a kan yadda hotunan Sidibé suka kama wannan rayuwa.

Gwamnati ba ta yi na'am da lamarin ba. A ganinta, saurayin da ke kwaikwayon mawaƙin Amurka ya kauce wa aikin gina ƙasa. Daga 1967, da aka tsananta aƙidar jam'iyya, 'yan sintirinta suka riƙa tare matasa saboda gajeren siket ko matsattsun kaya. Ranar 19 ga Nuwamba, 1968, sojoji ƙarƙashin Laftanar Moussa Traoré suka kifar da Modibo Keïta. Masu hoton hukuma sun adana faretin waɗannan shekaru da jawaban shugabanni. Abin da 'ya'yan gari suka sa a jikinsu daren Asabar, da wanda suka riƙe wa hannu, a akwatunan irin su Sidibé ya saura.

Yadda dare ɗaya yake tafiya

Aikin yakan fara da katin gayyata. Ƙungiya ko dangin ango su aiko, shi kuma ya rataya kyamara ya hau keke. A ƙarshen mako yakan zagaya taro da dama a dare guda, daga wannan unguwa zuwa waccan. Ya sha ba da labarin cewa idan ya iso yakan kunna filasha sau ɗaya don a san ya zo, nan take sai fili ya ɗauki zafi, kowa ya gyara rawarsa.

Kowane ɗauka da kuɗinsa. Fim mai faɗin milimita 35 hoto 36 yake ci, wanda ke ba da hoto mai kusurwa huɗu daidai na santimita 6 kuwa 12 kacal. Babu wani allo a bayan kyamara da zai nuna ko an dace. Sai an wanke fim ake sanin abin da aka kamo. Bikin aure kuma ba a maimaita shi. Idan amarya ta fito daga ofishin magajin gari aka kuskure, an kuskure ke nan har abada, kuma dangi ba za su manta wanda ya yi musu haka ba.

Idan taro ya watse wajen asuba, shi lokacin ne rabin aikinsa na biyu yake farawa. Ya koma ɗakin duhu ya wanke fina-finan, wani lokaci hotuna ɗaruruwa a ƙarshen mako ɗaya. Ruwan maganin wanke fim an tsara shi ne ya yi aiki a ma'aunin zafi 20, alhali a watan Afrilu zafin Bamako yakan haura 40. Ruwa mai ɗumi yana gaggauta aikin maganin, ya sa hoto ya yi tsakuwa-tsakuwa, ya kuma tausasa fuskar fim har ta iya karcewa. Ga ƙurar hunturu, wadda ƙwaya ɗaya in ta zauna a kan fim sai ta fito tabo a goshin amarya. Sanyin dare yana daga cikin kayan aikin mai hoto na Sahel.

Daga nan sai ya buga ƙananan samfura, ya manna su a jere cikin jakar kwali irin ta ofis, wadda Faransawa ke kira chemise. Ƙarƙashin kowane hoto akwai lamba, a bangon jakar kuma sunan taron da kwanan wata: auren wane, sunan gidan wane, daren ƙungiya kaza. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai 'yan biki su yi dafifi a shago. Kowa ya nemo kansa, ya faɗi lamba, ya biya, a buga masa. Saurayin da aka ɗauka yana rawa da budurwa yakan sayi nasa ya saya mata nata. Waɗanda ba su je taron ba su ma sukan leƙo su ga wa ya zo da wa, wa ya ɗinka sabon kaya.

Wannan jaka ita ce makarantarsa. Duk mako tana gaya masa, da lissafin kuɗi, wane hoto ne mutane suka so. Lambar da mutum goma suka nema ta koya masa wani abu, wadda ba wanda ya taɓa ita ma ta koya masa. Mai zanen da ke jiran baje koli yakan shekara bai ji hukuncin masu kallo ba. Sidibé yana jin nasa kowane mako, shekara da shekaru, daga bakin mutanen da suka fi kowa sanin fuskokin da ke cikin hoton.

Abin da filasha ta tilasta

Wanda ya kalli hotunansa na dare zai ga siffa guda tana maimaituwa: masu rawa sun fito fes, kusa-kusa, bayansu kuma baƙi ƙirin. Asalin wannan siffa yana cikin halin haske. Hasken filasha yana raguwa da sauri ƙwarai. Idan nisa ya ninka biyu, abin da ke isa ga mutum kashi ɗaya ne cikin huɗu. A tsakar gidan da ƙwan lantarki ɗaya ko biyu ke haskawa, duk wanda ya yi nisa da kyamara duhu ya haɗiye shi. Saboda haka dole mai hoto ya shiga tsakiyar fili, taku kaɗan daga mai rawa. Wanda zai tsaya kusa haka ba tare da ya ɓata wa mutane rawa ba, sai wanda suka saba da shi suka ɗauke shi nasu. Sidibé matashi ne kamar su, ya san sunayensu, suna kuma son ganinsa. Kusancin da ake yabawa a hotunansa ya samo asali daga ƙarancin haske da kuma wannan sabo.

Walƙiyar tana da wata fa'ida: gajeriya ce, don haka tana tsayar da motsi cak. Ƙafar da ke sama, siket da ya buɗe, gumi a wuya, duk suna tsayawa. Amma dama ɗaya ce, kuma sai an danna kafin motsin ya kai ƙarshensa. Mai hoto sai ya koyi kiɗan kansa, ya san inda jiki zai kai kafin ya kai. Hoton da ake kira Regardez-moi!, wato ku dube ni, na 1962, saurayi ne ya gantsare baya cikin rawa, an kama shi daidai inda ya fi lanƙwasa. Wanda ya fi shahara, Nuit de Noël na 1963, ya nuna saurayi cikin farar kwat da budurwa ba takalmi, kawunansu sun kusa haɗuwa, idanunsu a ƙasa suna bin ƙafafunsu. Masu kallo da yawa sun ɗauka masoya ne. Sidibé ya bayyana cewa wa ne da ƙanwarsa, yana koya mata rawa. Mujallar Time ta sa shi cikin hotuna 100 mafi tasiri a tarihi.

Bikin aure yana da tasa matsalar ta musamman, wadda duk mai hoton yankin ya yi fama da ita: farar riga da baƙar fata a hoto ɗaya. In aka auna haske don rigar amarya ta fito da adonta, fuskarta ta nutse. In aka auna don fuska, rigar ta zama farin fili ba komai a ciki. Maganin yana ɗakin duhu. Yayin da ake haska hoton a kan takarda, mai aiki yakan sa hannu ko ɗan kwali ya tare haske daga fuskar na 'yan daƙiƙu, ya bar shi ya daɗe a kan rigar. Kowace takarda da hannu ake yi mata haka. Amaryar da ta ga fuskarta ta fito da haske ba ta san an yi wannan ba, ta dai san wurin wanda za ta aika ƙanwarta idan nata bikin ya zo.

Ranar Lahadi da rana kuma yakan bi matasan zuwa bakin kogin Neja, wajen Sotuba, inda suke wanka da wasa. A can babu filasha, babu kwat, rana ce mai ƙarfi da jikin mutane. Hoton saurayi da budurwa da suka ɗaga duwatsu suna fuskantar juna kamar za su yi faɗa, na 1976, daga nan ya fito.

Cikin shago

Shagon Bagadaji ƙarami ne: labule mai ratsi-ratsi, daɓe mai zanen baƙi da fari kamar allon dara, fitilun lantarki. Abin da ke canzawa shi ne abin da mutane ke shigowa da shi. Wani ya turo sabon babur har gaban labule, wani ya zo da rediyo, wani da ragonsa, wata ta miƙo hannu don agogo ya fito. Ya ce wasu har turare suke fesawa kafin a ɗauke su. Sababbin ma'aurata ma sukan zo bayan an gama hidima, don a yi musu hoton da za a sa a firam.

A nan gwajinsa ya koma kan tsayuwa. Yakan yi wa mutum wasa har ya saki jiki, sannan ya gyara masa kafaɗa, ya juya haɓa, ya nuna inda hannu zai zauna. Ya karanci zane, ya san yadda ratsin labule zai yi karo da zanen atamfa, da yadda layukan daɓe za su ja ido zuwa takalmi. Burin duk wannan guda ne, mutum ya ga kansa yadda yake fatan a gan shi, domin wanda bai ga haka ba ba zai dawo ba. Wasu hotunan akan sa su cikin gilashin da wani mai zane na Bamako, Checkna Touré, yake yi wa ado da furanni masu launi, abin ratayawa a ɗakin amarya.

Akwai wata dabara da ta daɗe a shagunan hoto na yankin: mace ta juya wa kyamara baya, ko ta waiwayo ta kan kafaɗa, don kitso da ɗaurin zane su fito. Da tsufansa, bayan ya yi suna, Sidibé ya ɗauki wannan tsayuwa ya mai da ita jerin aiki mai zaman kansa, Vues de dos, wato kallo ta baya. Ko gwajin da ya yi don gidajen baje koli, tushensa buƙatar masu zuwa shago ce.

Zuwan hoto mai kala

Wajen 1976 ya rage bin tarukan dare ya tattara ƙarfinsa a shago. Ba da daɗewa ba kasuwar duka ta juya. Hoto mai kala ya shigo, a shekarun 1980 kuma injinan wanki masu sarrafa kansu suka bazu a biranen Afirka ta Yamma. Duk wanda ya mallaki ƙaramar kyamara yana iya zuwa biki ya ɗauka, ya kai wa inji, ya dawo da hotuna. Amarya tana son a ga launin shaddarta, kuma tana da gaskiya. Hukuncin masu saye, wanda ya gina Sidibé, shi ne ya juya masa baya. Ilmin ɗakin duhu da ya kwashe shekara ashirin yana tarawa ya rasa mai biya. Haka ta faru da takwarorinsa a wasu birane, ciki har da Philippe Koudjina, wanda ya yi shekarun 1960 da 1970 yana ɗaukar bukukuwa da gidajen rawa na Yamai.

Sidibé ya koma ga hoton katin shaida da gyaran kyamarori, har kantocin shagonsa suka cika da tsofaffin na'urori. Abu ɗaya ne bai yi ba: bai zubar da negetif ɗinsa ba, wato fina-finan da aka wanke waɗanda daga jikinsu ake buga hoto. Ya adana su cikin kwalaye, da shekarunsu a rubuce.

Daga aljihu zuwa bango

A 1991 aka yi wani baje koli a New York mai suna Africa Explores, inda aka nuna wasu hotunan Bamako da aka ce ba a san mai su ba. André Magnin, wanda ke tara ayyukan fasaha wa attajiri Jean Pigozzi, ya tafi Bamako da kwafinsu yana cigiya. Aka nuna masa shagon mai gyaran kyamara na Bagadaji. Sidibé yana gani ya ce aikin Seydou Keïta ne, ya kuma nuna inda yake. Ta wannan hanya baƙon ya ga kwalayen shi mai gyaran. A 1994 aka yi taron farko na masu hoton Afirka a Bamako, a 1995 kuma gidauniyar Cartier ta nuna aikin Sidibé a Faris.

Hotunan da aka buga don bangon Turai sun bambanta da na cikin jakar kwali. An faɗaɗa su, wasu har sun haura mita guda, an zaɓo ɗaya an bar 'yan'uwansa na dare guda, an ba shi take. A cikin jaka, hoto yana zaune tsakanin na gabansa da na bayansa, ƙarƙashin sunan gidan da aka yi bikin, kuma duk wanda ya buɗe ya san ɗiyar wace ce wannan. A bango, ta zama wata budurwa ta Bamako. Kyan hoton ya ƙaru a ido, amma labarin da ya sa aka biya kuɗinsa tun farko ya ragu. Tambayar mallaka ita ma ta taso. A al'adar sana'ar, takarda ta mai saye ce, negetif na mai hoto. Wannan bai dami kowa ba lokacin da negetif ba ya da wata daraja sai ta sake bugawa idan na gida ya ɓace. Da hotunan suka fara tsada a kasuwannin duniya sai lissafi ya canza. Bayan rasuwar Seydou Keïta a 2001, rigima kan negetif ɗinsa ta kai har kotu. Waɗanda suka ci ado suka tsaya gaban kyamara kuwa, ba safai ake ambatonsu a irin wannan shari'a ba.

Akwai ƙoƙarin mayar da hotunan kusa da asalinsu. A 2008 aka wallafa littafi mai suna Chemises, wanda ya nuna jakunkunan kamar yadda suke, da lambobinsu da rubutun hannunsa. Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka kuma, tare da abokan aiki a Bamako, ta tsabtace negetif kimanin 100,000 na masu hoto biyar na Mali ta kuma kwafe su a kwamfuta: Sidibé, Abdourahmane Sakaly, Mamadou Cissé, Adama Kouyaté, da Tijani Sitou, Bayaraben da ya kafa shago a Mopti. Yawancin abin da ke ciki ba zai taɓa hawa bangon baje koli ba. Aure ne da suna da hoton katin shaida, irin abin da masanin tarihi ke buƙata idan yana son sanin yaushe farar rigar amarya ta shiga wata unguwa, ko yadda kitso ya sauya cikin shekara goma.

Malick Sidibé ya rasu a Bamako ranar 14 ga Afrilu, 2016. Masu sana'a irin tasa sun yi yawa a kowane babban gari na Sahel, kuma wasunsu ba su gaza shi ido ba. Da yawa daga kwalayensu gara da damina da ƙaurar haya sun cinye. Nasa sun tsira, sun kuma yi amfani, saboda wata ɗabi'a ta ɗan kasuwa mai tsoron kada mai saye ya dawo neman hotonsa a rasa: duk jakar da ya rufe, sai ya rubuta sunan masu biki da kwanan wata a bangonta.